Njideka Okubadejo

Njideka Ulunma Okubadejo likita ce 'yar Najeriya, farfesa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Jami'ar Legas, kuma babbar likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ta ƙware a kan cututtukan da ke dagula motsin jiki, musamman cutar Parkinson. An fi saninta da jagorancin haɗakar likitocin Najeriya masu binciken wannan cuta, da kuma rawar da ta taka a binciken shekarar 2023 da ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne.

Kafin shekarun 2000, kusan duk abin da likitoci suka sani game da gadon cutar Parkinson daga binciken Turawa aka samo shi. Rubuce-rubucen Okubadejo da abokan aikinta na cikin waɗanda suka sa aka fara samun bayani daga jikin marasa lafiyar Najeriya su kansu: shekarun da cutar ke kama su, tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su ga likita, irin maganin da suke samu, da abin da ƙwayoyin gadonsu ke ɗauke da shi.

Fannin da take aiki

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi shi ne mai kula da cututtukan da suka shafi ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo sassan jiki, irin su farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon kai mai tsanani. Aikinsa daban yake da na likitan masu taɓin hankali, ko da yake a maganar yau da kullum ana kiran duka biyun da likitan ƙwaƙwalwa. A cikin wannan fanni akwai reshen da ya keɓanta da cututtukan motsi. Wasunsu na sa motsi ya ragu, jiki ya yi nauyi ya sandare. Wasu kuma na sa motsi ya yi yawa ba da son mai shi ba, kamar karkarwar hannu da fizgar gaɓoɓi da murɗewar wuya.

A Hausa kalmomin karkarwa da makyarkyata da rawar jiki duk suna bayyana alama ce kawai. Zazzaɓi na kawo karkarwa, tsoro da sanyi na kawo ta, wasu magunguna ma haka. Shi ya sa a rubuce-rubucen lafiya ake barin sunan cutar Parkinson yadda yake, don a bambanta ta da sauran abubuwan da ke sa jiki rawa.

Cutar Parkinson a taƙaice

Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a shekarar 1817, bisa abin da ya lura da shi a jikin mutum shida. Daga baya likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya raɗa mata sunansa. Ranar 11 ga Afrilu, wadda ita ce ranar haihuwar Parkinson, ita ake ware wa cutar a duniya kowace shekara.

Cutar na tasowa ne idan wasu ƙwayoyin halitta da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa suka riƙa mutuwa a hankali. Waɗannan ƙwayoyi su ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsi. Idan ya yi ƙaranci sai motsi ya yi nawa, gaɓoɓi su sandare, hannu ya riƙa karkarwa yayin da mutum ke zaune bai yin komai, yawanci daga ɓangare ɗaya na jiki. Tafiya kan koma gajerun taku, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai. Akwai kuma alamomin da ba su shafi motsi ba, waɗanda kan riga karkarwa zuwa da shekaru: taurin bayan gida, daina jin ƙanshi ko wari, ciwon damuwa, da yin magana ko kai duka cikin barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Daga cikin fitattun mutanen da suka yi fama da ita akwai ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana da ita a 1984, ya rayu da ita har rasuwarsa a 2016.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba. Akwai dai wanda ke sassauta alamominta ƙwarai, wato lebodofa, wanda ake rubutawa levodopa a jikin kwali, kuma yawanci ana haɗa shi da carbidopa. Jiki na mayar da shi dofamin a cikin ƙwaƙwalwa. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da aka sani a Najeriya kafin aikinta

Binciken cututtukan jijiyoyi a Najeriya ya kafu ne a Ibadan, inda Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 1995, ya yi fice. A shekarun 1980 shi da Bruce Schoenberg na Amurka sun jagoranci bincike gida-gida a garin Igbo-Ora na jihar Oyo, suka kwatanta shi da irinsa da aka yi a gundumar Copiah ta jihar Misisifi. Sakamakon da aka buga a 1988 ya nuna cewa, bayan an daidaita bambancin shekaru, masu cutar Parkinson sun kai 341 cikin kowane mutum 100,000 a tsakanin baƙaƙen fatar Copiah, amma 67 kacal a Igbo-Ora.

Wannan tazara ta bar tambayoyi. Tun da yawancin baƙaƙen fatar Amurka asalinsu Afirka ta Yamma ne, masu binciken sun karkata ga cewa muhalli na da hannu a cutar. Wasu kuma suka ɗauki alƙaluman a matsayin hujjar cewa cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Wannan zato ya daɗe a littattafan likitanci, kuma yana cikin abubuwan da suka sa ba a mayar da hankali kan cutar a nahiyar ba.

Rubuce-rubucen farko

A shekarar 2006 Okubadejo ta fitar da wata maƙala a mujallar Movement Disorders tare da James Bower da Walter Rocca da Demetrius Maraganore na asibitin Mayo da ke Amurka. Sun tattaro duk abin da aka buga kan cutar Parkinson a Afirka daga 1944 zuwa ƙarshen 2004. A tsawon waɗannan shekaru 60, abin da suka samu ya fito ne daga ƙasashe 13 kawai: rahotanni 17 na marasa lafiyar asibiti, bincike 7 kan yawan masu cutar, 1 kan sabbin kamuwa, 3 kan gado. Daga cikin ukun nan na gado babu ko ɗaya da aka yi a kan baƙar fata. Maƙalar ta zama abin da masu bincike ke kafa hujja da shi idan suna bayyana girman giɓin da ke akwai, kuma ayyukan da Okubadejo ta yi daga baya sun bi waɗannan giɓoɓi ne ɗaya bayan ɗaya.

A 2007 ita da Mustapha Danesi da Frank Ojini suka buga sakamakon ƙidayar masu shanyewar ɓarin jiki da suka yi a unguwar Surulere ta Legas. A 2010 kuma, ita da Oluwadamilola Ojo da Olajumoke Oshinaike suka bayyana yanayin marasa lafiya 124 da suka zo asibiti a Legas da alamomi irin na Parkinson. Kusan kashi huɗu cikin biyar ainihin cutar suke da ita. Maza sun ninka mata kusan sau uku, cutar ta fi fara bayyana a kusan shekara 61, kuma yawanci sai an yi kimanin shekara biyu da fara ganin alamomi kafin a gano ta.

A 2012 aka buga wani bincike gida-gida da ta jagoranta a Legas kan wata karkarwar dabam, wadda ke zuwa lokacin da mutum ke amfani da hannunsa, kamar wajen shan ruwa ko rubutu, kuma takan bi dangi. Cikin mutum 3,000 da aka duba an samu 36, wato 12 cikin kowane 1,000. Wannan karkarwa ta fi cutar Parkinson yawa nesa ba kusa ba, maganinta ma daban ne, amma sau da yawa ana rikita su.

Binciken gado: abin da ba a samu ba

An fara gano ƙwayar gadon da ke haddasa cutar Parkinson a 1997, a wani babban dangi 'yan asalin Italiya. A 2004 aka gano wata mai suna LRRK2, wadda wani sauyi a cikinta da ake kira G2019S ya zama sananne. Ana samun sa a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na Turawa masu cutar, amma a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya.

Ganin haka, sai aka yi tsammanin za a same shi a kudu da Sahara. A 2008 Okubadejo da masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ciki har da Andrew Singleton, suka duba jinin 'yan Najeriya 57 masu cutar, ba su same shi ba. A 2018 aka sake dubawa a wani rukuni na mutum 126, nan ma babu. A 2021 wani aikin da ta yi tare da Mie Rizig ta Kwalejin Jami'ar Landan ya nemi wasu sauye-sauye 12 na wannan ƙwayar gado a jikin 'yan Najeriya, ba a ga ko ɗaya ba.

A kimiyya rashin samun abin da aka je nema shi ma sakamako ne. Waɗannan maƙaloli sun nuna cewa ba za a ɗauki abin da aka gano a Tunisiya ko Turai a ɗora wa Afirka ta Yamma ba. Sun kuma nuna cewa laluben ƙwayoyin gadon da aka riga aka sani bai isa ba. Ana bukatar a duba dukkan jerin gadon ɗan Adam, aikin da ba ya yiwuwa sai da dubban mutane, adadin da asibiti ɗaya ba zai iya tarawa ba.

Rajistar masu cutar da haɗakar likitoci

Don a samu wannan adadi, a watan Nuwamba na 2016 aka buɗe rajistar masu cutar Parkinson ta Najeriya ƙarƙashin jagorancin Okubadejo. Likitocin jijiyoyi daga asibitoci dabam-dabam suka amince su riƙa shigar da bayanan marasa lafiyarsu bisa tsari iri ɗaya: shekaru, jinsi, lokacin da alamomi suka fara, matakin da cutar ta kai, da maganin da ake sha. Rahoton farko ya fito a mujallar Movement Disorders a 2020, yana ɗauke da bayanan mutum 578 daga shiyyoyi biyar cikin shida na ƙasar. Sama da kashi 70 cikin 100 maza ne, matsakaicin shekarun fara cutar kusan 60, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 ta kama su tun ba su kai shekara 50 ba.

Daga wannan rajista haɗakar binciken cutar Parkinson ta Najeriya ta ginu. Likitocin Arewa na cikinta tun farko. Daga cikinsu akwai Sani Abubakar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Salisu Balarabe na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shigar asibitoci daga sassa da yawa na da amfani ga binciken gado, domin ƙabilun Najeriya sun bambanta a jerin gadonsu, kuma sakamakon da aka samo daga gari ɗaya ba lallai ya wakilci ƙasar ba.

Binciken samuwar magani

A 2019 Okubadejo da abokan aikinta suka buga sakamakon zagayen da suka yi a kantunan magani 123, na gwamnati da na 'yan kasuwa, a shiyyoyi shida na Najeriya. Sun bi ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi: ana cewa magani na da sauƙin saye idan kuɗin na wata guda bai wuce ladan kwana ɗaya na ma'aikacin gwamnati mafi ƙarancin albashi ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a wata, wato naira 600 a rana.

Binciken ya nuna cewa a kantuna da dama babu lebodofa sam, an fi samun sa a na 'yan kasuwa fiye da na asibitocin gwamnati, kuma inda yake kuɗinsa ya zarce wannan ma'auni. Waɗanda talaka ke iya saye su ne tsofaffin magunguna irin su trihexyphenidyl, wanda aka fi sani da Artane ko Exol. Wannan magani na rage karkarwa, amma bai cika taimakawa wajen nawar motsi ba, kuma yakan jawo wa tsofaffi ruɗewa da mantuwa da bushewar baki. Shi ne kuma wanda wasu matasa ke sha don maye, har hukumar NDLEA ke kama shi.

Wannan maƙala ta fito da ɓangaren matsalar da bai shafi ɗakin gwaji ba. Cutar Parkinson ba ta kisa da gaggawa. Mai ita na iya rayuwa shekaru da yawa, kuma samun lebodofa kullum shi ke raba wanda zai ci gaba da ciyar da kansa da zuwa masallaci ko kasuwa da wanda zai kwanta sai an kwantar an tayar.

Gano sauyin GBA1 a 2023

Aikin da ya fi fito da sunan Okubadejo a duniya shi ne wanda mujallar The Lancet Neurology ta buga a watan Agusta na 2023. An yi shi ne ƙarƙashin shirin duniya na binciken gadon cutar Parkinson da ake kira GP2, wanda gidauniyar Michael J. Fox ke taimakawa wajen gudanarwa. Okubadejo da Singleton na cikin manyan jagororin aikin, Mie Rizig da Sara Bandres-Ciga da Oluwadamilola Ojo kuma na cikin waɗanda sunayensu ke kan gaba.

An duba jerin gadon mutum 197,918 'yan asalin Afirka, ciki har da baƙaƙen fatar Amurka. Daga cikinsu 1,488 masu cutar ne, 196,430 kuma lafiyayyu da aka kwatanta da su. Yawancin masu cutar da aka samu daga Afirka 'yan Najeriya ne da suka shigo ta hannun haɗakar likitocin nan. Shi ne karo na farko da aka yi bincike irin wannan kan cutar Parkinson a tsakanin 'yan asalin Afirka.

Hanyar binciken ita ce a kwatanta miliyoyin gurabe a jerin gadon masu cuta da na lafiyayyu, a ga ko akwai gurbin da wani harafi ya fi yawa a wajen masu cutar. Gurbi ɗaya ya fito fili, mai lamba rs3115534, a cikin ƙwayar gadon GBA1. An same shi a kashi 39 cikin 100 na masu cutar da aka duba. Kowane mutum na gadon kwafi biyu na ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya, haɗarinsa na kamuwa ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na wanda ba shi da shi. Wanda ya gada daga ɓangare biyu, kusan ninki uku da rabi. Kowane kwafi kuma na sa cutar ta fara da wuri da kimanin shekara biyu. Wannan sauyi da wuya a same shi a jikin Turawa ko mutanen Asiya, shi ya sa duk manyan binciken da aka yi a baya ba su gan shi ba.

Ita GBA1 ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Ita ke ba da umarnin ƙera wani sinadari da ke narkar da wani nau'in kitse a cikin ƙwayoyin halitta, a sashen da ke share tarkacensu. Lalacewarta gaba ɗaya na haddasa cutar Gaucher, kuma tun 2009 wani babban bincike ya tabbatar da cewa wasu sauye-sauye a cikinta na ƙara haɗarin cutar Parkinson, musamman a tsakanin Yahudawan Turai. Sabon abu shi ne sauyin na Afirka yana aiki ta wata hanya dabam. A ƙarshen 2024 wani binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sauyin na hana a yanke wani ɓangare na saƙon ƙwayar gadon da ya kamata a cire kafin a ƙera sinadarin, don haka adadin sinadarin mai aiki ke raguwa. A wannan shekarar ma Ojo da Okubadejo da sauran abokan aiki suka ba da rahoton cewa sauyin na da alaƙa da matsalar motsi da kai duka cikin barci a tsakanin 'yan Najeriya.

Ɗauke da wannan sauyi ba ya nufin mutum zai kamu da cutar. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma na da shi kuma suna ƙare rayuwarsu lafiya lau. Amfanin gano shi ya fi shafar neman magani. Akwai magungunan da ake gwadawa don ƙara ƙarfin wannan sinadari, ciki har da ambroxol, wani tsohon maganin tari da ake gwajinsa a Birtaniya. Idan ɗayansu ya yi nasara, an san yanzu cewa kaso mai yawa na marasa lafiyar Afirka ta Yamma na cikin waɗanda ya kamata a gwada shi a kansu.

Tasiri a fannin

Ana auna tasirin mai bincike ta hanyoyi da yawa: mujallun da suka karɓi aikinsa, yawan masu kafa hujja da shi, ɗaliban da ya horar, da tsare-tsaren da ya kafa waɗanda wasu ke ci gaba da amfani da su. Tasirin Okubadejo ya fi bayyana a hanya ta ƙarshe. Rajistar 2016 ta sa likitocin da a da kowa ke buga rahoton asibitinsa shi kaɗai suka koma aiki da ma'auni ɗaya, kuma ita ce ta samar da yawancin samfuran Afirka na binciken 2023. Sunayen likitocin Najeriya da dama sun fito a matsayin marubutan wannan maƙala, saɓanin yadda aka saba a da, inda ake ɗibar samfur daga Afirka a yi nazarinsa a waje.

Ta shugabanci reshen Afirka na ƙungiyar duniya ta likitocin cutar Parkinson da cututtukan motsi, wadda ke shirya horo ga likitoci da ma'aikatan jinya. Tana kuma cikin jagororin shirin TraPCAf tare da Richard Walker na Jami'ar Newcastle, wanda hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ke ɗaukar nauyinsa. Shirin na aiki a ƙasashe bakwai: Masar, Habasha, Ghana, Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Cikin ayyukansa akwai ƙidayar masu cutar gida-gida, nazarin abubuwan muhalli da ke iya jawo ta, da gwajin 'ya'yan ƙarara, wata tsiro mai ƙaiƙayi da ke ɗauke da lebodofa a cikin ƙwayarta. Yawan sinadarin ya bambanta daga iri zuwa iri, don haka likitoci na gargaɗin kada a sha ta ba tare da kulawarsu ba.

Alaƙar aikin da Arewa maso Yamma

A 2012 Lukman Owolabi da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun buga rahoto kan masu alamomin Parkinson da suka gani a Kano. Hoton da ya fito ya yi kama da na Legas: maza sun fi yawa, kuma marasa lafiya na zuwa asibiti a makare. Dalilan jinkirin sanannu ne. Iyalai da yawa na ɗaukar karkarwa da nawa a matsayin tsufa, wasu na danganta su da sammu ko iska, sai a fara da masu maganin gargajiya. Likitocin jijiyoyi a Najeriya ba su kai ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu na manyan asibitocin birane. Mai cutar da ke zaune a Jega ko Aliero ko Maiyama a jihar Kebbi, manyan asibitocin da ke kusa da shi su ne na Birnin Kebbi, sai asibitin koyarwa na Sakkwato. Cutar kuma na bukatar komawa wurin likita a kai a kai don daidaita magani, ga kuɗin mota da na wanda zai yi rakiya.

Batun muhalli ma ya shafi yankin. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi da ƙaruwar haɗarin cutar Parkinson. Wanda aka fi ambata shi ne paraquat, maganin ciyawa da ake sayarwa da sunaye irin su Gramoxone, wanda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi a Najeriya. A yankunan noman albasa da shinkafa da kayan lambu kamar Aliero da fadamun Jega, feshi na cikin aikin gona na kowace shekara, kuma ba kowane mai feshi ke sa safar hannu da takunkumi ba. Alaƙa dai ba hujja ce ta cewa feshin ne ya jawo cutar ga wani mutum takamaimai ba, amma tana cikin dalilan da suka sa masu bincike ke son a faɗaɗa ƙidaya zuwa ƙauyukan manoma.

Iyakokin binciken

Masu binciken da kansu sun bayyana inda aikin bai kai ba. Mutum 1,488 kaɗan ne idan aka kwatanta da binciken Turawa na 2019, wanda ya ƙunshi masu cutar sama da 37,000 kuma ya gano gurabe 90 masu alaƙa da ita. Ana sa ran ƙarin gurabe za su fito idan adadin 'yan Afirka ya ƙaru. Rajistar Najeriya kuma ta ƙunshi waɗanda suka iya kaiwa ga likitan jijiyoyi ne kawai. A Turai da Amurka maza masu cutar sun fi mata da kusan ninki ɗaya da rabi, amma a asibitocin Najeriya tazarar ta kusa ninki uku, abin da ke iya nuna cewa mata da yawa ba a kai su asibiti. Ƙidaya gida-gida, irin wadda aka yi a Igbo-Ora a shekarun 1980 da wadda shirin TraPCAf ya sa a gaba, ita ce hanyar da ke kaiwa ga waɗanda ba su taɓa ganin likita ba.